Girman Buta da Ingancin Koren Shayi: Duba Daga Kasuwar Singa ta Kano Zuwa Ƙasar Japan

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wata tambaya da masu sayen kayan shayi suke fuskanta a Kasuwar Singa da kewayenta, wato wace buta ce ta dace da dafa koren shayi, babba ko ƙarama. Maƙalar ta nuna cewa yawan mashaya kaɗai bai isa ya zama ma'auni ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne yawan ruwan da za a shanye a zagaye ɗaya, da filin da ganye yake buƙata idan ya buɗe, da kuma ko za a ɗora butar a wuta ko ba za a ɗora ba. An kwatanta shayin Buzaye da tsarin mutanen Japan, inda aka ga al'adun biyu sun haɗu a kan ƙaramar buta, kowace da dalilinta.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya shiga Singa sayen buhun sukari ko katan ɗin madara ya san abin da zai tambaya: nauyi, kamfani da farashi. Mai sayen butar shayi kuwa, sau da yawa ido ne kaɗai jagoransa. Mai kaya zai ce masa, "Ta mutum nawa kake so, Malam?" Shi kuma ya ce ta mutum biyar, sannan ya ƙara da cewa a ba shi wadda ta ɗan fi haka saboda baƙi. A wajen tukunyar tuwo wannan dabara ce mai kyau, domin babbar tukunya tana dafa kaɗan, ƙarama kuwa ba ta dafa mai yawa. A wajen koren shayi dabarar ba ta aiki. Butar da ta fi ƙarfin zaman tana cin ganye da sukari da gawayi, kuma a ƙarshe abin da take bayarwa ko dai ya yi salam ko ya yi ƙauri. Mai butar sai ya ɗora laifin a kan ganyen, ya canza kwali, ya sake canzawa, alhali matsalar tana cikin abin da yake riƙe da shi a hannu.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana dalilin hakan. Batun yana iya zama ƙarami a ido, amma ya shafi aljihun maigadin da yake raya dare da shayi, da matasan majalisa masu karo-karon kuɗin ganye, ya kuma shafi mai nazarin Hausa, domin a cikinsa akwai kalmomin aro, da faɗaɗar ma'ana, da tsarin awo na gargajiya.

2.0 Shayi da Buta a Bakin Bahaushe

Tsiron da ake samun ganyen shayi daga gare shi ɗaya ne a duniya, wanda masana tsirrai suke kira Camellia sinensis. Sunayensa kuwa sun rabu gida biyu tun daga ƙasar Sin. Lafazin ca ya bi hanyar tudu, ya shiga Farisanci da Larabci, daga Larabci kuma Hausa ta aro shayi. Lafazin te na mutanen gaɓar tekun Fujian ya bi jiragen ruwan Turawan Holan zuwa Turai, daga bakin Ingilishi kuma Hausa ta sami ti. Wato ke nan harshe ɗaya ya karɓi sunan abu ɗaya ta ƙofa biyu, ta Sahara da ta teku. Mutanen Maroko suna cewa atay, wanda ya zama ataya a Senegal da Gambiya. A Kano, irin wannan koren shayi mai kauri da ake sha a ƙananan kofunan gilashi an fi danganta shi da masu shi, a ce shayin Buzaye. Masu nazarin karin sauti sun san cewa shayi na sha da shayi na kaciya rubutunsu ɗaya ne, kari ne ya raba su.

Kalmar buta ta girmi shayi a ƙasar Hausa. Asalinta ta duma ce, ta ɗaukar ruwa da alwala, kafin ta ƙarfe da ta roba su gaji sunan. Da abin dafa shayi ya zo da mariƙi da murfi da hanci, wato bututun da ruwa ke fita ta cikinsa, sai aka ba shi sunan abin da ya fi kama da shi, aka ce butar shayi. Sauran al'ummun Sahel sun bi wata hanya, suka aro sunan tare da kayan: barrad na Larabcin Maroko shi ne barada a Mali da Senegal. Wannan bambanci yana da tasiri. Kalma ɗaya ce a Hausa take ɗauke da butar da ake tafasa ruwa da ita da kuma wadda ake dafa ganye a ciki, alhali aikinsu daban ne, ma'aunin girmansu ma daban ne. Wani ɓangare na ruɗanin mai saye daga nan ya faro.

3.0 Singa da Ganyen da Take Sayarwa

Kasuwar Singa tana cikin Ƙaramar Hukumar Fagge, tana maƙwabtaka da Sabon Gari, kuma ta samo sunanta daga kamfanin keken ɗinki na Singer. A yau an san ta da sarin kayan masarufi: sukari, fulawa, taliya, madara, man girki, sabulu da ganyen shayi. Daga nan kaya suke fita zuwa jihohin Arewa da Jamhuriyar Nijar. Wanda ya sayi ganye da sukari a Singa, tafiya kaɗan zai yi ya isa Kasuwar Sabon Gari, mai sunan Muhammad Abubakar Rimi, inda kayan kicin suke jibge.

Wurin da kansa yana da tarihi da wannan batu. Fagge zango ce tun kafin zuwan Turawa, inda ayarin raƙuman Asbinawa da fataken Arewa suke sauka a wajen ganuwa. Isowar layin dogo Kano a 1911 da kafa Sabon Gari a 1913 sun juya fuskar cinikin birnin zuwa teku. Baƙin shayin da ake sha da madara da burodi ta wannan sabuwar hanya ya yaɗu. Koren shayi kuwa ɗan hamada ne. Ya fara a fadar sarakunan Maroko a ƙarni na 18, ya bazu cikin jama'a a ƙarni na 19, sannan ya gangaro kudu tare da Larabawan Sahara da Buzaye. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da kuma na 1984 zuwa 1985 ya kashe dabbobin makiyaya da yawa, ya koro Buzaye zuwa biranen Arewacin Nijeriya, inda da dama suka kama aikin gadi. Ƙaramin murhun waya da 'yar buta a ƙofar gida ko gaban kanti sun zama abin da ido ya saba gani. A Nijar kuwa zaman shayi ya zama ginshiƙin fadar matasa, wadda Adeline Masquelier ta yi wa littafi guda a 2019.

Koren ganyen da ke cikin kwalayen nan daga ƙasar Sin yake zuwa, kuma iri biyu ne suka fi yawa a kasuwannin Afirka ta Yamma. Akwai wanda aka murza ya dunƙule kamar ƙwayar gero, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan albarushi, mafi yawansa daga lardin Zhejiang. Akwai kuma cunmi, mai lanƙwasa kamar gira, wanda ma'anar sunansa ke nan a Sinanci. 'Yan kasuwa suna gane su da lambobin da ke jikin kwali, irin su 3505 ga na farko, da 41022 ko 9371 ga na biyu. Duka biyun a busasshen kasko mai zafi ake kashe ɗanyensu, a murza su da ƙarfi, a busar. Shi ya sa suke jure tafasa, shi ya sa kuma ɗan abin da aka zuba a tafin hannu yake kumbura ya ninka girmansa sau da yawa idan ya sha ruwa. Wannan kumburi shi ne abu na farko da mai zaɓen buta yake mantawa da shi.

4.0 Abin da Ke Faruwa a Cikin Buta

Sinadarai uku ne suka fi tasiri a ɗanɗanon koren shayi. Katekin shi ke kawo bauri, kafeyin yana kawo ɗaci da wartsakewa, tiyanin kuma yana kawo wani garɗi mai laushi. Tiyanin yana narkewa ko da ruwa bai yi zafi sosai ba, katekin kuwa sai zafi ya yi yawa yake fitowa da ƙarfi. Saboda haka duk wata hanyar dafa shayi a duniya sarrafa abu uku ce: zafin ruwa, tsawon lokaci, da yawan ganye a kan yawan ruwa. Girman buta yana taɓa dukkan ukun.

Domin a ga inda shayin Buzaye ya tsaya, yana da kyau a ɗauko ma'aunin da Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya ta fitar a 1980 mai lamba ISO 3103, wanda masu ɗanɗanar shayi a kamfanoni suke aiki da shi. Ma'aunin ya tanadi giram 2 na ganye ga kowane mililita 100 na ruwa, a bar shi minti 6, a cikin buta mai cin mililita 310 ko ƙarama mai cin 150. Mai shayin Buzaye da ya juye ƙaramin kwali mai giram 25 a cikin ruwa mililita 300 ya ninka wannan ma'auni sau huɗu, kuma bai tsaya ga jiƙawa ba, tafasawa yake yi. Abin da yake nema ruwa ne kaɗan mai kauri, wanda sukari zai tare ɗacinsa, a sha shi kurɓi biyu ko uku. Ba abin kashe ƙishirwa ba ne.

4.1 Lissafin Zagaye Ɗaya

A ɗauka mutum biyar ne a zaune, kuma kowa zai sami mililita 40 a zagaye guda ban da kumfa. Jimilla mililita 200 ke nan. Busasshen ganye yana shanye ruwa kusan ninki uku na nauyinsa, don haka giram 25 zai riƙe kimanin mililita 75 da ba za su fito ba. Tururi ma zai tafi da nasa kason. Ke nan ruwan da za a zuba a zagayen farko zai kai mililita 300 ko ya ɗan haura. Sai kuma filin sama. Koren shayi yana ɗauke da sinadarin saponin mai kumfa, kuma da zarar ya tafasa sai ya taso kamar madara. Idan ruwan ya wuce kashi biyu cikin uku na cikin butar, zai ɓulɓulo ta hanci da murfi, ya kashe garwashi, ya tayar da toka. Bisa wannan lissafi, butar mutum biyar ita ce mai cin mililita 450 zuwa 500. Ba ta kai girman da yawancin masu saye suke zato ba.

A zagaye na biyu da na uku lissafin yana ɗan sauyawa. Ganyen ya riga ya ƙoshi, ba zai ƙara shan ruwa ba, don haka ruwan da ake ƙarawa bai kai na farko ba. Amma a lokacin ne ya gama buɗewa ya mamaye wuri, ga kuma na'ana'a ko kanumfari ko citta da wasu suke ƙarawa. Butar da ta yi daidai a zagayen farko saboda ruwa, ita ce take yin daidai a na uku saboda ganye. Wanda ya sayi wadda ta gaza haka zai ga ganye ya toshe ƙofar hanci daga ciki, shayi yana fita da ƙyar.

4.2 Illar Butar da Ta Yi Yawa

Illar ƙaramar buta a fili take, kowa yana ganinta idan ta yi ambaliya. Ta babba ce ɓoyayyiya. A ɗauki butoci biyu masu miƙaƙƙen jiki, ɗaya faɗin gindinta santimita 8, ɗayar santimita 12. Idan aka zuba wa kowace ruwa mililita 300, zurfinsa a ta farko zai kai santimita 6, a ta biyu kuwa ba zai cika 3 ba, kuma fuskar ruwan da ke fitar da tururi ta ninka ta farko fiye da sau biyu. Sakamakon haka ruwa yana ƙonewa da sauri kafin ganye ya saki abin da ke cikinsa. Ganyen da tafasa ta watsa yana manne wa bangon butar a saman ruwa, inda ƙarfe ya yi zafi babu abin da zai sanyaya shi, sai ya babbake. Idan an riga an zuba sukari, shi ma yana kamawa a gefe. Daga nan ƙaurin yake fitowa.

Mai dafawa da ya lura da haka yakan ƙara ruwa don ya rufe ganyen. Da ya ƙara, kaurin ya tafi, sai ya ƙara ganye ya dawo da shi, ya ƙara sukari ya tare ɗacin. Kafin ya ankara ya dafa na mutum goma ga mutum biyar. Abin da ya rage a butar ba ya jiran kowa: yana zaune a kan ganye yana ƙara bauri, kuma yana cinye ƙarfin da ya kamata a bar wa zagaye na gaba. Ko kuma a raba shi duka, kowa ya sha ninkin sukarin da ya saba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai shan shayi sau biyu ko uku a yini, ganin cewa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum yake samu a yini, wato kimanin giram 50 ga baligi. Hausawa suna cewa daidai ruwa daidai tsaki, kuma a nan butar ce take yanke yawan ruwan tun kafin a kunna wuta.

Akwai kuma batun hannu. Kumfar da ake ado da ita a saman kofi ba ta samuwa sai an ɗaga buta sama an tsiyayo siririn ruwa, an mayar, an sake, sau da dama. Wannan ɗagawa tana gauraya sukari, tana daidaita kauri tsakanin kofuna, tana kuma rage zafi. Aikin hannu ɗaya ne, ɗayan hannun yana kan kofi. Buta mai nauyin lita guda ba ta ba da wannan iko, kuma faffaɗan hancinta kwararowa yake yi maimakon tsiyaya. Haka nan murhun wayar da ake amfani da shi ɗan tafin hannu ne, an yi shi ne don gindin ƙaramar buta ya zauna cikin garwashi. Babba tana danne wutar ta hana ta iska.

Ƙaramar buta tana da nata rauni, kuma adalci ne a faɗe shi. Idan aka ninka tsawo da faɗin abu sau biyu, cikinsa yana ƙaruwa sau takwas, fatarsa kuwa sau huɗu kawai. Ma'ana, ƙaramin mazubi ya fi saurin hucewa. A daren hunturu na Disamba da Janairu, 'yar butar da aka sauke tana yin sanyi cikin ɗan lokaci. Sai dai shayin Buzaye bai damu da wannan ba, tunda butar ba ta nisa da garwashi, kuma abin da aka dafa a take ake shanye shi.

5.0 Yadda Mutanen Japan Suka Bi da Batun

Ana samun ƙarin haske idan aka dubi wata al'ummar da ta ɗauki koren shayi da muhimmanci amma ta bi hanyar da ta saɓa. A Japan galibi ba a kasko ake kashe ɗanyen ganye ba, turara shi ake yi. Ana danganta tsarin senca, wanda shi ne shayin yau da kullum a can, ga Nagatani Soen na yankin Uji a 1738, kuma a yau lardunan Shizuoka da Kagoshima ne kan gaba wajen nomansa. Ganyen da aka turara yana da taushi, yana sakin abin da ke cikinsa cikin hanzari, kuma tafasa tana lalata shi. Saboda haka butar da suke kira kiyusu, wadda aka fi sani da mariƙinta na gefe kamar na ludayi, ba ta hawa wuta ko kaɗan. Da yumɓu ake gina ta, kuma garin Tokoname da ke lardin Aichi ya yi suna a kanta. A wani mazubi dabam ake tafasa ruwa, a bar shi ya huce zuwa digiri 70 ko 80 a ma'aunin Salshiyos, a zuba a kan ganye, a jira kimanin minti ɗaya.

Ƙa'idarsu ta zaɓen girma mai sauƙi ce: kiyusu ta ɗauki abin da kofunan da ke gabanta za su ɗauka, da ɗan fili a sama, ba ƙari. Ga mutum biyu ko uku, mai cin mililita 250 zuwa 350 ta wadatar. Dalilin shi ne wajibi ne a tsiyaye ta har ɗigon ƙarshe. Duk ruwan da ya kwana a kan ganye zai ci gaba da jawo katekin, ya ɓata jiƙo na biyu. Wajen rabawa ma ba a cika kofi ɗaya a wuce na gaba. Ana zuba kaɗan a na farko, na biyu, na uku, sannan a juyo daga na uku zuwa na farko, don kada wani ya sami tsarara wani ya sami kauri. Idan kiyusu ta yi girma, kaurin yumɓunta mai sanyi zai zuƙe zafin ɗan ruwan da aka auna da kyau, ganyen kuma ya baje a faffaɗan gindi, ruwa bai rufe shi ba.

Abin sha'awa shi ne yadda girman buta yake raguwa gwargwadon darajar ganye. Giyokuro, wanda ake rufe gonarsa daga rana na kimanin mako uku kafin girbi don tiyanin ya ƙaru, da ruwa mai digiri 50 zuwa 60 ake jiƙa shi, a cikin 'yar buta marar mariƙi da ake kira hohin, kuma abin da mutum yake samu bai wuce kurɓi kaɗan ba. Banca da hojica kuwa, masu araha da ake sha bayan abinci, su ake yi wa babbar buta mai mariƙin sama da ake kira dobin, a zuba musu tafasasshen ruwa. Wato a can babbar buta ba alamar karrama baƙo ba ce, ta shayin gida ce.

Idan aka jera al'adun biyu za a ga sun yi tarayya a abu uku: ana juye buta gaba ɗaya a kowane zagaye, ana maimaita ganye ɗaya kamar sau uku, kuma ana ƙoƙarin daidaita kofuna. Inda suka rabu shi ne wuta. Buzu yana barin sulusin butarsa fili saboda tafasa, mutumin Japan yana barin ɗan kaɗan saboda babu abin da zai taso. Saboda haka ruwa mililita 300 yana neman butar ƙarfe mai cin kusan rabin lita a Fagge, amma kiyusu mai cin 350 zuwa 400 ta ishe shi a Uji. Kayan aikin ba sa musanyuwa. Senca a kan garwashi ɗaci zalla zai zama, kiyusu a kan garwashi kuma tsagewa za ta yi.

6.0 Inda Babba Take da Gurbi

Duk wannan ba ya nufin babbar buta ba ta da amfani. Tukunyar mai shayi na bakin titi, wanda ke ciyar da 'yan dako da direbobin Singa tun da asuba, dole ta zama babba, kuma saurin hucewar da aka ambata a baya shi ne hujjarta: babban mazubi ya fi riƙe zafi. Sai dai aikinta dabam ne. Ma'ajiyar ruwan zafi ce, ɗanɗanon kuwa a kofi ake haɗa shi, da madara da sukari da Bournvita ko Milo gwargwadon kuɗin mai saye. Haka nan manyan butocin tangaran da na silba da ake jerawa a ɗakin amarya, ma'auninsu ido ne, kuma sun cika aikinsu ko da ba su taɓa ganin ganye ba. Kuskuren shi ne a ɗauki ma'aunin ɗayan waɗannan a kai wa koren shayi. Irin wannan kuskure ne masu shan koren shayi na ƙunshi don neman lafiya suke yi, idan suka jefa ƙunshi ɗaya a filas mai lita guda, alhali giram biyu ko ƙasa da haka ne a cikinsa, an auna shi ne don kofi ɗaya.

To idan jama'a ta yi yawa fa, kamar zaman bayan tarawihi ko na ɗaurin aure? Al'adar da kanta ta tanadi amsa. Kofunan shayin Buzaye ba sa kai yawan mutanen da ke zaune. Ana ba manya da baƙi, a karɓo kofi a ɗauraye, a ba na gaba. Idan abin ya fi haka, a ƙara buta ta biyu da murhu na biyu, ko a sake sabon ganye bayan an gama zagaye uku. Zaman yana tsawo, kuma tsawon zaman yana daga cikin abin da aka taru dominsa.

7.0 Awo a Bakin Rumfa

Bahaushe ya saba auna abu da mazubinsa: mudu, tiya, kwano, gwangwani. An kuma san mudun wata kasuwa ba lalle ya yi daidai da na wata ba. Haka "buta ta mutum biyar" take, domin mutum biyar na mai kaya suna iya zama masu shan babban kofi da burodi, na mai saye kuma masu kurɓar ɗan gilashi. Lambar da kamfani ya buga a gindin buta ko a kwalinta ma tana nufin cikarta har baki, ba abin da za a iya dafawa a ciki ba.

Mai saye yana da ma'auni a kusa da shi wanda ba ya buƙatar sikeli. Ledar fiya wata da aka fi sayarwa santilita 50 ce, wato rabin lita. Butar da leda ɗaya ta cika ta har wuya ita ce ta mutum biyar a lissafin da ya gabata. Wadda ta shanye leda biyu ta mutum goma ce, kuma tana neman kwali biyu na ganye a kowane zama. Mai gadi shi kaɗai ko da abokin hira ɗaya, wadda rabin leda ya cika ta ishe shi. Yayin da ruwan yake ciki, sai a duba tsinin hancin: idan ya yi ƙasa da bakin butar, ruwa zai fara zuba ta nan kafin ta cika, kuma ainihin girmanta a daidai wannan tsinin ya tsaya, komai tsawon wuyanta. Daga nan a karkata ta a ga ko ruwan yana fita siriri ba tare da ya bi jikinta ba, kuma ko murfin yana zaune ko sai an dafe shi da yatsa.